Muryar Da Ba Tawa Ba

"Saudatu!"

Yadda Baba ya kira sunana ya sa ludayin da ke hannuna ya suɓuce cikin tukunyar miya.

Tun da na yi wayo, mahaifina Alhaji Arzika mai albasa ba ya dawowa gidanmu na Ƙofar Rini sai bayan la'asar. Ga shi yau da rana tsaka a tsaye a tsakar gida, hula a ture baya, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

Na fito daga kicin na durƙusa.

"Ga ni, Baba."

Bai dube ni ba. Wata 'yar ƙaramar waya ya zaro daga aljihu, irin mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Ya danna, ya ɗaga ta sama.

Sai na ji kaina ina magana...

"Assalamu alaikum manoman albasa. Kunnen Manomi ke gaishe ku. Ga yadda albasa ta kwana a kasuwar Sakkwato..."

Inna ta leƙo daga ɗaki da carbi a hannu.

"Muryar wa ta wagga?" in ji Baba.

"Tawa ta, Baba."

"Awo! Taki ta!" Ya kashe wayar. "Wagga waya ta wani manomi ta daga Wurno, arowa na yi don ki ji da kunnenki. Ubanshi ni yake sayar ma albasa, shi ma haka. Yau na yi mishi tayi, sai ya ciro ta ya kunna gaban dillalai dut, wai ga abin da yarinyar waya ta hwaɗa, ba shi sakin buhu ƙasa da haka. Wani ya ce, ai ɗiyar Alhaji ta! Kasuwa ta ɗauki dariya, Saudatu. Ni anka yi ma dariya!"

"Baba, wallahi farashin gaskiya kawai nike hwaɗa..."

"Ni na maƙaryacin kenan?"

"A'a Baba, ba haka nike nuhi ba!"

"Kin ce min aikin kwamhuta kike yi. Ba ki ce min muryarki na yawo cikin aljihun kowane ƙato daga Kware har Goronyo ba. Daga yau kin gama. Shi kuma yaron ga Abdulhamid, da anka ce manyanshi za su zaka..." Ya juya wajen Inna. "A hwaɗa musu kada su wahal da ƙahwahunsu."

Ya fita.

Na zauna daɓas a ƙasa. Miya tana ƙonewa a kan wuta, ba wadda ta motsa a cikinmu.

Abdulhamid ɗan Ƙofar Dundaye ne, ɗan wani malamin firamare. A wajen wani horo na kwamfuta muka haɗu bayan na gama bautar ƙasa. Shi ya ƙirƙiro Kunnen Manomi. Lamba ce da manomi zai kira kyauta da ƙaramar wayarsa, ya ji farashin kasuwa, ya ji labarin ruwan sama, ya ji lokacin da ya dace ya yi feshi. Ba sai ya iya karatu ba. Wata ƙungiya ta ƙasar waje ce ke ɗaukar nauyin aikin. Da farko muryar na'ura suka sa, manoma suna ji suke katsewa. Ranar da ya roƙe ni na gwada karantawa, aka saurare ni har ƙarshe.

Ni ma daga ranar na fara sauraron sa har ƙarshe.

Washegari Inna ta rufa mini asiri, ta ce in je in sanar da shi in dawo kafin azahar.

Na hau benen ofishin ina haki. Ɗaki biyu ne kawai, ɗayan an manna katifu a bangonsa don ɗaukar murya. Na same shi gaban kwamfuta, abin ji a kunne, fuskar wata Baturiya daga ƙungiyar ta daskare a allon, baki a buɗe.

"Abdul..."

Ya ɗaga mini yatsa ɗaya. In jira.

Na jira.

Hoton ya motsa, ya yi ta zuba Turanci yana murmushin da na san ba na zuciya ba ne. Hoton ya sake daskarewa. Ya ɗauki kwamfutar ya kai bakin taga, ya ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa. Daga ƙarshe sabis ya ɗauke gaba ɗaya. Ya cire abin kunnen ya wurgar.

"Kin ji mutanen nan? Wai manhaja suke so ta babbar waya, mai taswira da hotuna, don su nuna a taronsu. Na ce musu mutanenmu ba su da babbar waya. Na ce ko ƙaramar ma sai ranar kasuwa suke samun caji. Wai in rubuto a rahoto! Sauda, hasken idona, shiga ki ɗauki na yau kafin batir ya mutu."

"Baba ya hana ni aikin."

Ya tsaya cak.

Na ba shi labarin duka. Har maganar manyansa ban ɓoye masa ba. Na zuba masa ido ina jiran abin da zai fara faɗa.

"Inna lillahi... To wa zai karanta saƙon gobe?"

Wallahi sai da na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

"Saƙon gobe?"

"A'a, ki gane..."

"Na ce maka Baba ya ce ba zai ba ka ni ba, kai kuma saƙon gobe ne ya dame ka!"

"Rabin raina, ba haka ba ne. Ki ba ni lokaci kaɗan. Ƙarshen watan ga za su yanke ko za su ci gaba da tallafin. Ina gama rahoton nan, ni da kawuna za mu je mu durƙusa gaban Baba."

"Wancan karon ma haka ka ce. Sai an gama gwaji. Da aka gama, sai an gama taro. Yanzu rahoto."

"Dubban mutane sun dogara da aikin nan, Sauda."

"Ni fa? Ko ni murya ce kawai a wajenka?"

Ya buɗe baki zai amsa, kwamfutar ta yi ƙara. Sabis ya dawo, Baturiyar tana kira.

Ya dube ni. Ya dubi allon.

Ban jira na ga wanda zai zaɓa ba. Na ja mayafina na sauka.

Zaman gida ya fi ƙarfina. Na saba tashi da farashin albasa da barkono a bakina, yanzu sai wanke-wanke da kallon bango. Abdulhamid yana kira, wani lokaci in ɗauka, wani lokaci in bar ta ta yi ta kuka. Ya ce shi ke karanta saƙon yanzu, manoma kuma suna tambayar ina yarinyarsu.

A cikin kwanakin ne Yaya Sadiƙ ya ƙara yawan shigowa. Ɗan ƙanen Baba ne, a gidanmu ya tashi bayan rasuwar mahaifinsa, shi ke riƙe wa Baba wayoyi da makullan rumfa. Ya daɗe yana nuna mini so, na daɗe ina nuna masa matsayin wa kawai yake da shi a zuciyata.

Ya same ni ina tsince shinkafa, ya ja kujera.

"Ƙanwata, kin rame."

"Azumi nike yi."

"Ki daina wahal da kanki a kan mutumen da ya hi son Turawa da ke. Ga gida, ga kasuwa, ga ni. Baba ba zai ƙi ba."

"Yaya Sadiƙ, don Allah ka bar maganar nan."

"Abin nasu ma ba ɗorewa zai yi ba," ya ce yana murmushi. "Ranar da manoma sunka daina yarda da shi, shi kenan."

Na ci gaba da tsintar shinkafata. Ban ɗauki maganar da wani nauyi ba.

Ranar wata Alhamis da hantsi wayata ta yi ƙara. Abdulhamid ne. Hayaniya nake ji a bayansa, kamar mutane suna dukan ƙofa.

"Sauda! Kin... saƙo... jiya?"

"Me? Ba na jin ka!"

"...kasuwa ta cika... motoci... albasa..."

Na fita tsakar gida, na hau kan turmi ina neman sabis.

"Yi magana, ina ji!"

"An tura wa masu cajin waya a ƙauyuka wani saƙo. Muryarki ce. Wai albasa ta yi tashin da ba a taɓa gani ba, manyan motoci sun zo daga Kudu, kowa ya kawo tasa yau. Kowa ya kwaso, Sauda! Kasuwa ta cika ta batse, babu motocin, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Ga su nan a ƙofar ofis!"

"Ni? Yaushe rabona da ɗaukar murya?"

"Na saurara sau ba adadi. Ke ce. Har yadda kike jan numfashi..."

Layin ya sake kakkatsewa. Na yi ta "hello, hello" kamar mahaukaciya. Duk cikin maganar da ya yi a wannan lokacin, jimla ɗaya ce sabis ya ga damar kawo mini ita tar, ba ko gargada.

"Ki faɗa mini gaskiya... ko Baba ne ya sa ki?"

Na sauko daga kan turmin a hankali.

"Abdulhamid, me ka ce?"

"Dillalai ne kaɗai suka ci riba yau, Sauda. Ina tambaya ne kawai..."

"Ka tambaya. Na ji."

Na kashe wayar gaba ɗaya.

Ban yi kuka ba a lokacin. Haushi ya hana. Mutumin da ya san ko wasa ba na yi da ƙarya, mutumin da saboda shi na ɓata da mahaifina, shi ne ya auna ni ya ga zan iya.

Bayan azahar aka yi sallama. Wata dattijuwa ce doguwa, zaninta ya yi futu-futu, ƙafafunta sun yi fari. Inna ta shimfiɗa mata tabarma a rumfa, ta ƙi zama.

"Nan na gidan yarinyar waya?"

"Ni ce, Iya. Sannu da zuwa."

Ta ƙura mini ido.

"Sunana Inno, daga Tungar Bawa. Ni ka shugabantar matan da ke noman albasa can. Mahi yawanmu ba mu da maza, wasu sun rasu, wasu sun tahi cirani. Albasarmu na cikin rudu, rumbun da muke adana ta, mun ajiye ta sai ta yi daraja, kamar yadda kike koya muna. Jiya anka kunna muna maganarki. Munka kwashe dut, munka ɗauko mota. Rabi mun bayar a wulaƙance don mu sallami mai mota. Rabi ga ta can rana na dahwa ta."

"Iya, wallahi tallahi ba ni ba ce!"

"In munka taru muna saurarenki, ɗiyarmu muke ce miki. Ba mu taɓa ganinki ba." Muryarta ba ta ɗaga ba ko kaɗan. "Ba hwaɗa ya kawo ni ba. So nike in ga idonki, in koma in gaya ma matan yadda kike."

Nan hawayen suka ɓalle. Na durƙusa na riƙe ƙafarta ina rantsuwa, amma da me zan kare kaina? Ta ciro wayarta ta kunna mini. Muryata ce. Gaisuwata ce. Ni kaina sai da na yi shakkar kaina.

Da ƙyar Inna ta shawo kanta ta shiga ɗaki ta sha ruwa ta yi sallah.

Tana ciki Baba ya dawo, Yaya Sadiƙ na biye da shi yana fara'a. Ina bakin ƙofar ɗakin Inna, ba su lura da ni ba.

"Ban gane kasuwar yau ba," in ji Baba yana cire takalmi. "Tunda nike ban taɓa ganin albasa ta zubo haka ba gaira ba dalili. Mun cika rumhwa, amma raina bai kwanta ba."

Yaya Sadiƙ ya yi dariya.

"Akwai dalili, Baba. Na rama maka."

"Ka rama min mi?"

"Dariyar da anka yi maka. Akwai wata manhaja da ke kwaikwayon murya. In ka ba ta tsohon saƙon mutum, ka rubuta abin da kake so, sai ta hwaɗa da muryarshi. Na ba ta ta Saudatu, na tura ma yaran da ke caji ƙauyuka. Ga riba mun samu, ga abin Abdulhamid ya mutu murus. Ba manomin da zai sake kunna maka waya a kasuwa."



Labulen ɗakin Inna ya motsa. Inno ta fito ta tsaya, mayafin sallah a kanta. Baba ya dube ta, ya dube ni da kumburarrun idanuna, ya fahimci komai ba tare da an yi masa bayani ba.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Sadiƙ," ya ce a hankali. "Da muryar ɗiyata ka yi ƙarya?"

"Don kai na yi, Baba..."

"Don ni? Ni na yi hushi don ta hwaɗi gaskiya a inda ban so ba. Hushina ne, tsakanina da ɗiyata. Kai kuma ka ɗauki bakinta ka ci amanar zawarawa da shi, ka cika min rumhwa da haram, ka zaka kana min dariya!" Ya miƙa hannu. "Makullai."

"Baba..."

"Makullai na ce!"

Ya ajiye su a tafin Baba. Ya dube ni kamar zai ce wani abu, sannan ya fita da sauri. Daga baya muka ji ya koma Illela wajen dangin mahaifiyarsa.

Baba ya daɗe a tsaye. Sannan ya yi abin da ban zaci zan gani ba a rayuwata. Ya cire hularsa a gaban Inno.

"Baiwar Allah, daga gidana anka cuce ku. Ki yi haƙuri." Ya juyo. "Saudatu, ina wurin da kuke ɗaukar maganar ga?"

Da safe muka hau benen tare, Baba yana tsayawa yana hutawa. Gilashin taga ɗaya a fashe yake, an jefe shi da dutse. Abdulhamid na zaune a ƙasa da kayan jiya a jikinsa. Yana ganin Baba ya miƙe zumbur, sannan ya zube yana gaisuwa.

"Tashi," in ji Baba. "Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ƙaryar jiya ɗan gidana ya yi ta da na'ura. Ɗiyata ba ta san komi ba. Manoman ga sun san muryata tun kahin a haihe ku. Sa min abin, ni za ni gaya musu."

Abdulhamid ya juyo ya dube ni. Na kawar da kai.

Aka zaunar da Baba a ɗakin katifu, aka sa masa abin ji a kunne a kan hula. Ya gyara murya.

"Ni na Arzika mai albasa, na Ƙohwar Rini..."

Wuta ta ɗauke.

Aka koma kan batir. Ya fara daga farko, ya yi nisa, batirin ya yi ƙara ya mutu. Abdulhamid ya ruga ƙasa ya tayar da janareta, sai ƙararsa ta cika maganar, dole aka ja shi can bayan gida da doguwar waya. Baba yana zaune cikin zafi, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Haka kuke hwama kullum?" ya tambaye ni.

"Kullum, Baba."

"Hmm."

Ya share gumi. Amma da aka kunna, ya yi maganarsa tiryan-tiryan. Ya ce saƙon ƙarya ne, daga gidansa ya fito, ɗiyarsa ba ta da hannu. Ya ce duk wanda ya sayar masa da albasa ranar Alhamis ya dawo a cika masa. Ya ce kada su sake yarda da saƙon da ba daga lambar Kunnen Manomi ya fito ba, ko da muryar uwarsu ce.

Ya cika alkawarinsa. Wasu dillalan suka bi sahunsa don kunya, da yawa suka ce su ciniki suka yi, ba ruwansu. Ƙungiyar ƙasar waje kuwa ba ta jira bayani ba. Suka rubuto da kalmomi masu taushi cewa sun dakatar da tallafi har sai sun sake nazari. Har yau suna nazarin.

Da za mu sauka, Baba ya tsaya a bakin bene.

"Aikin, in kina so, ki koma. Maganar ɗayan kuma..." Ya dubi Abdulhamid sama da ƙasa. "Na janye tawa. Saura tata. Na ga alama tata ta hi tawa zahi."

Ya sauka ya bar mu.

"Sauda..."

"Saudatu sunana."

"Na san ban da bakin magana."

"To kada ka yi."

"Mutane suna dukan ƙofa, kaina ya ɗaure, na ji muryarki..."

"Inno ta zarge ni, ban ji haushinta ba, ba ta san ni ba. Kai fa? Kai da ka ce ni ce rabin ranka? Ko minti ɗaya ba ka tsaya ka ce Sauda ba za ta yi haka ba!"

"Na tsaya. Bayan kin kashe waya."

"Ya makara."

Ya sunkuyar da kai. Idanunsa sun yi ja.

"Na yi ta gudun kada aikin nan ya mutu, har na daina ganin wadda ta sa yake numfashi. Ga shi tallafin ma zai tafi. Wallahi bai yi mini ciwo kamar shirun wayarki ba. Ki faɗi abin da zan yi. Ko mene ne."

Na so in ce babu. Bakina ya ƙi.

"Albasar matan Tungar Bawa da ta wuni a rana, Baba ya sa an mayar musu da ita. Ta fara ruɓewa. Gobe za ni in taya su tsincewa. In kana son magana da ni, a can za ka same ni."

"Gobe akwai taro da..." Ya haɗiye sauran. "Da wace mota za mu tafi?"

A motar kasuwa muka tafi, ni da wata gwaggona a gaba, shi a baya cikin buhuna. A Tungar Bawa ya tsaya gaban matan ya ba su haƙuri da bakinsa. Wasu suka amsa, wasu suka juya baya. Wata ta ce ita da wayar nan har abada, kuma ta riƙe maganarta. Inno dai ba ta ce ta yafe ba. Tabarma ta nuna masa a ƙarƙashin dalbejiya, da tulin albasa mai wari.

"Mai kyau dama, ruɓaɓɓa hagu," ta ce.

Ya naɗe hannun riga ya zauna.

Har rana ta take yana nan. Farar shaddarsa ta koma kalar ƙasa. Ƙudaje sun yi masa rumfa. Matan da suka juya baya suka fara leƙensa suna ƙus-ƙus, can wata ta kawo masa fura a ƙwarya ta ajiye. A wajen tsintar ne Inno ta tambaye shi abin da ake bukata don lambar ta ci gaba da aiki in Turawa sun tafi. Ya faɗa mata. Ta ce ƙungiyoyin manoma suna da yawa a bakin gulbin nan, za ta yi magana da su. Da gudummawarsu aikin yake tafiya yanzu, da ƙyar, yau da wuta gobe babu, amma namu ne.

Da la'asar na matso kusa da tabarmarsa. Hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarsa, yana sharewa da kafaɗa.

"Albasa ce ko nadama?" na tambaya.

"Duka biyun. Amma albasar ta fi mugunta."

Dariya ta kufce mini. Na yi saurin rufe baki da mayafi, amma ya riga ya ji.

"Sauda, masoyiyata... kawuna yana gida yanzu haka da babbar rigarsa a goge. Na ce masa ya zauna cikin shiri. Kalma ɗaya nake jira, ko a nan in hau bishiyar nan in nemi sabis in kira shi."

"Ba sai ka gama komai ba?"

"Ba abin da ya rage mini in gama sai wannan."

Na dubi tulin da ke gabansa. Na dubi Inno, wadda ta yi kamar ba ta jin mu alhali hannunta ya daina motsi.

"Gama buhun nan tukuna," na ce.

Ya gama shi. Ya jawo na kusa da shi ma ya gama, wai don kada in sami hanyar canja magana. Sannan ya cire takalmi, ya kama reshen dalbejiyar ya hau, matan Tungar Bawa suna ta shewa, yana can sama yana ɗaga waya yana ihu.

"Kawu! Kawu, kana ji na? Ta yarda! A'a, ba ta yar da ni ba... TA YARDA!"

Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura mana aure a Ƙofar Rini. Baba da kansa ya ba da ni.